Tiyatar ɗage leɓen sama da tabon da take bari

Tsakanin ƙasan hanci da jan leɓen sama akwai ɗan fili mai kwari a tsakiya. Idan shekaru suka ja, fatar wurin takan saki ta yi tsawo, jan leɓen ya lanƙwashe ciki, haƙoran sama su daina bayyana in mutum yana magana. Wasu kuma haka aka haife su. Wannan filin ne tiyatar ɗage leɓe take gajartawa.

Hanyar da aka fi bi, wadda likitoci Cardoso da Sperli suka bayyana a 1971, ita ce a yanke siririyar fata a gindin hanci, yankan ya bi lanƙwasar ƙofofin hanci kamar ƙahon bijimi, sannan a jawo leɓen sama a ɗinke. Galibi allurar kashe zafi kawai ake yi a wurin, aikin ba ya wuce awa ɗaya da wani abu, ana kwance ɗinkin bayan kamar mako guda. Fatar da ake cirewa 'yan milimita ce.

A nan ne ya kamata a yi hattara. Mai yin allurar cika leɓe da sinadarin hayaluronik, in abin bai yi mata ba, akwai wata allurar da ke narkar da shi, ko ta jira watanni ya baje da kansa. Fatar da wuƙa ta cire kuwa ta tafi ke nan. Likita ya zarce da milimita biyu ko uku, sai baki ya ƙi rufuwa sosai, dasashi ya riƙa fitowa in an yi murmushi, ko ƙofofin hanci su buɗe su karkace. Gyaran irin wannan ya fi aikin farko wuya nesa ba kusa ba.

Sai tabo, wanda a ganina shi ne babbar magana ga mai baƙar fata. Hotunan da asibitocin Istanbul da Amurka ke tallatawa galibi na farar fata ne, inda layin ɗinkin ke dusashewa. Fatarmu ta fi saurin yin duhu a wurin rauni, ta fi kuma saurin yin tabo mai tudu. Duk wadda hujin kunnenta ya taɓa tsirowa ya yi ƙullutu, ko tsagar wanzami ta tashi a jikinta, lallai ta gaya wa likita tun kafin ya ɗauki wuƙa. Wurin kuma ba ya hutawa: ci, magana da dariya duk suna jan ɗinkin, tabon yakan kai shekara kafin ya lafa.

Kumburi da mutuwar wurin na ɗan lokaci ba abin tashin hankali ba ne. Shan sigari kuwa yana hana rauni warkewa da wuri. Mai fama da ƙurajen zazzaɓi a baki, tiyatar na iya tayar da su, shi ya sa akan fara ba shi maganin rigakafi kafin ranar aikin.