Yadda Ake Binciken Izinin Zaman Baƙo Mai Neman Taimakon Gwamnati a Amurka

A ƙasar Amurka akwai taimako iri iri da Gwamnati ke bayarwa ga masu ƙaramin ƙarfi, kamar kuɗin sayen abinci, da biyan kuɗin magani, da taimakon haya. Ba kowane mazaunin ƙasar ne ya cancanci wannan taimako ba. Saboda haka in baƙo, watau wanda ba ɗan ƙasa ba, ya je nema, wajibi ne ofishin ya tabbatar da irin izinin da yake zaune da shi tukuna.

Asalin wannan bincike dokar shige da fice ce ta shekarar 1986, wadda Shugaba Reagan ya sa wa hannu. Ita ta umarci ofisoshin taimako su riƙa gwada takardun baƙi da rajistar Gwamnatin Tarayya, ta wani shiri da ake kira SAVE. Tun shekarar 2003 shirin yana hannun Hukumar Zama Ɗan Ƙasa da Shige da Fice, wadda ake taƙaita sunanta USCIS. A shekarar 1996 kuma Shugaba Clinton ya sa hannu a wata doka wadda ta raba baƙi kashi biyu, masu cancanta da marasa cancanta. Cikin masu cancanta ta ambaci masu izinin zaman dindindin, watau masu koren kati, da 'yan gudun hijira, da waɗanda aka ba mafaka. Duk da haka yawancin masu koren kati sai sun cika shekara 5 kafin su sami manyan taimakon Tarayya. Wata doka ta shekarar 2025 ta ƙara ƙuntata ƙofar, har ta fitar da 'yan gudun hijira waɗanda ba su sami koren kati ba daga taimakon abinci.

Yadda aikin ke tafiya

Da farko mai nema zai sa hannu a takarda yana shaida matsayinsa, bisa sanin cewa ƙarya a nan laifi ce da shari'a ke hukuntawa. Sa'an nan ya nuna shaidarsa: ko koren kati, ko katin izinin aiki, ko takardar shiga ƙasa. Akawu zai ɗauki sunansa, da ranar haihuwarsa, da lambar da Hukuma ta ba shi, ya shigar a kwamfuta. Galibi kafin mai nema ya gyara zama amsa ta komo.

Amma ba kullum ake dacewa ba. Wani lokaci kwamfuta takan ce a ƙara bincike. A nan ne mutane da yawa ke firgita, suna zaton asirinsu ya tonu ko an ƙi su, alhali kuwa ba haka ba ne. Abin da ake nufi kawai shi ne abin da akawu ya rubuta bai yi daidai da abin da ke cikin rajista ba. Dalilan kuwa sau da yawa ƙanana ne. Mai suna Muhammadu, alal misali, yana yiwuwa an rubuta sunansa iri guda a fasfo, wani iri kuma a kati. Mace takan sake suna bayan aure. Amurkawa kuma suna fara rubuta wata kafin rana, don haka 3 ga Afrilu takan rikiɗe ta zama 4 ga Maris a hannun wanda bai lura ba. Ko kuwa an sabunta izinin mutum jiya jiya, labari bai kai rajista ba.

In haka ta faru sai ofishin ya aika da hoton takardun, ma'aikacin Hukuma ya duba da idonsa. Wannan yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Doka ta yi adalci a nan: a manyan shirye-shiryen taimako ta hana a ƙi mutum ko a yanke masa taimako don kawai ana jiran amsa, muddin ya cika sauran sharuɗɗa. A taimakon magani na Medicaid ana ba shi kwana 90 ya kawo shaida. In kuskuren a rajista yake, ofishin taimako ba shi da ikon gyarawa. Sai mai nema ya koma ga hukumar da ta ba shi takardar.

Wa ke yanke hukunci

Shirin SAVE ba ya cewa a ba wane, a hana wane. Iyakarsa ya faɗi matsayin mutum. Ofishin taimako shi ke auna amsar da dokar taimakon da ake nema, shi kuma ke yanke hukunci, wanda aka hana kuwa yana da ikon ɗaukaka ƙara.

Har wa yau, matsayin wanda zai ci taimakon shi ake bincike. Uwa baƙuwa tana iya nema wa ɗanta wanda yake ɗan ƙasa, a duba matsayin yaron. Akwai kuma abubuwan da rashin izini ba ya hanawa: jiyyar gaggawa a asibiti, da makarantar Gwamnati ta yara, wadda Kotun Ƙoli ta tabbatar musu a shekarar 1982.