Katin Ciki ko Sandar USB: Wanne Ya Dace a Miƙa wa Baƙuwar Kwamfuta?

Matashin da ya fara koyon tsaron intanet a Malumfashi, ko ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta soma a 2023, ko a jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma, ko shi kaɗai da bidiyon YouTube ranar da data ta samu, ba ya daɗewa yake cin karo da katanga guda. An ce ya ɗora Kali Linux a matsayin baƙuwa, wato kwamfuta ta manhaja zalla da ke zaune a cikin ta ƙarfe. Ya ɗora, intanet ma tana shiga. Ranar da darasi ya kai ga sauraron abin da ke yawo a iska tsakanin waya da rauta, sai baƙuwar ta ce ita ba ta ga katin Wi-Fi ba. Da gaskiyarta kuwa. Abin da mai masaukinta ya nuna mata katin kebul ne na kwaikwayo, shi kuma na gasken yana hannunsa.

Mafita biyu ce. Ko a cire katin da ke cikin laftof daga hannun mai masauki a damƙa wa baƙuwa ɗungurungum, ko a sayi ƙaramar sandar Wi-Fi ta USB a miƙa mata ita. Ta farkon ba ta cin ko kwabo, shi ya sa take fara jan hankalin ɗalibi. Ita ce kuma ta fi dogon labari.

Katin ciki yana zaune ne a kan layin PCIe, kuma yana da ikon rubutu kai tsaye cikin ma'ajiyar kwamfuta ba tare da ya nemi izinin kowa ba. In za a ba baƙuwa irin wannan abu, dole a sami mai tsaron ƙofa, shi ne IOMMU, wanda Intel ke kira VT-d, AMD kuma AMD-Vi. Sai an kunna shi a BIOS, sai kuma, a hanyar da aka fi bi, mai masaukin ya zama Linux, domin aikin na KVM ne, da ya shiga kanel, wato zuciyar Linux, a 2007, da QEMU, da kuma VFIO, wanda Alex Williamson na kamfanin Red Hat ya shigar a kanel 3.6 a 2012. Tun daga nan mutane da yawa sun fita daga lissafi. Laftof ɗin gwanjo da ake sarowa daga Beirut Road ko Farm Centre a Kano da Windows take zuwa, kuma VirtualBox, wanda mafi yawan masu koyo suka saba da shi, ya cire wannan damar gaba ɗaya tun fitowar 6.1 a ƙarshen 2019.

A ce duk an tsallake waɗannan. Kafin kati ya sauya hannu, kanel yana yi masa riset, ya mayar da shi yadda yake lokacin da aka kunna shi. Buhun da ya ɗauki taki ba a juye masara a cikinsa sai an kakkaɓe an wanke. Katin da ya yi wa mai masauki aiki yana iya riƙe saituna, da adireshin ma'ajiyar da ya saba rubutu a ciki, da aikin da ya faro bai gama ba, kuma direban baƙuwa yana tsammanin tarar da shi fes. Haka ma idan baƙuwa ta mutu ana tsaka da aiki, sai an share bayanta kafin a mayar wa mai gida kayansa.

Kanel na da hanyoyin riset da yake gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda aka tsara wa takamaiman na'ura. Akwai FLR, mafi tsafta, inda ake umartar na'urar ita kaɗai ta share kanta, a jira ta kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Sai dai ƙa'idar PCIe ba ta wajabta shi ba, don haka katuna da yawa ba su da shi. Akwai na sa kati barci mai nauyi a tashe shi. Sannan akwai babbar guduma, riset na layi, inda ake sa gadar da katin ke rataye a ƙarƙashinta ta katse layin ta sake ɗaurawa. A takarda, kowace na'ura ya kamata ta farfaɗo daga wannan. Wasu katunan Atheros, kamfanin da Qualcomm ya saye a 2011, ba sa farfaɗowa. Layin ya faɗi ke nan. Da kanel ya miƙa hannu zai karanta saitunan katin, sai kwamfutar duka ta sandare ko ta kashe kanta ta tashi. Har mai masaukin ake rasawa, da duk abin da ba a adana ba.

Maganin da aka yi ɗan ƙarami ne ƙwarai. A cikin kanel akwai fayil mai suna quirks.c, kundin na'urorin da ba sa bin ƙa'ida da yadda za a lallaɓa kowacce. A farkon 2015 Williamson ya sa Atheros AR93xx a ciki, bayan ƙorafe-ƙorafe kan katin TP-Link TL-WDN4800, da alama guda: wannan kada a yi masa riset na layi. Lambarsa 168c:0030. Bayan haka jerin ya riƙa tsawo kamar yadda mutane suka riƙa ƙonewa. A 2016 aka ƙara AR9485 da QCA9882 da AR9580, a 2019 AR9462, a 2021 kuma QCA6174, wanda aka kai rahoton baƙuwa na sandarewa daidai lokacin da direban ath10k ke tashi. Kowane ƙari layi ɗaya ne na rubutu. AR9485 ya cika ƙananan laftof masu araha na wajajen 2012 zuwa 2014, irin waɗanda har yanzu ke hannun ɗalibanmu, shi kuma QCA6174 shi ne ke ɓoye a ƙarƙashin sunan Killer 1535 a wasu injinan Dell.

Ina ganin girman wannan aiki, amma ya kamata a faɗi iyakarsa. Katin bai warke ba, an dai daina taɓa inda yake masa ciwo. Idan yana da wata hanyar riset, kanel zai koma kanta. Idan ba ta share shi sosai ba, to baƙuwa na iya karɓar kati da ragowar aikin wani a cikinsa, kuma wanda ya yi aiki lafiya a tashin farko yana iya ƙin tashi a na biyu sai an kashe injin gaba ɗaya. Kamfanin da ya ƙera na'ura ne ya san sirrin yadda ake share ta da kyau. Inda aka sami wannan sani, kamar wasu katunan Chelsio da Intel, kanel na da riset na musamman. Inda ba a samu ba, sai hani. Tun kanel 5.15 ma an ba mai kwamfuta damar zaɓar hanyar riset da kansa ta wani ɗan fayil, reset_method, wanda ya rage jiran sai an sa katinka a kundi, ga wanda ya san abin da yake yi.

Wani abu da masu koyo ke yawan kuskurewa: gyaran a kanel ɗin mai masauki yake aiki. Ko Kali ta jiya-jiya ka ɗora, idan mai masaukin tsohuwar Ubuntu ce da ba a sabunta ba, za ta ci gaba da sauke gudumar.

Sandar USB ba ta da wannan dogon tarihi. Ba ta rubutu kai tsaye a ma'ajiya, don haka ba ruwanta da IOMMU. Mai masauki yana karɓar saƙonninta ne ya miƙa wa baƙuwa, kuma VirtualBox a kan Windows ma yana iya wannan. Idan ta rikice, a zare a sake sokawa, riset ya gama. Abin dariya, wadda aka fi yabo a wannan aiki ita ma 'yar gidan Atheros ce, AR9271, da ke cikin Alfa AWUS036NHA, wadda aka saki manhajar cikinta ga kowa a 2013 kuma direbanta na cikin kanel tun tuni. Rauninta a bayyane yake. Zangon 2.4GHz kawai take ji, gudunta bai wuce megabit 150 a daƙiƙa ba ko a takarda, kuma bi ta hannun mai masauki na ƙara ɗan jinkiri. Sannan kuɗi ne, a lokacin da kowace naira ke da wurin zuwa, kuma ba kowane shagon kayan waya a Malumfashi ko Funtua ke ajiye irinta ba.

A kasuwa ma akwai tarko. TP-Link TL-WN722N ta yi suna saboda fitowarta ta farko tana ɗauke da AR9271. Ta biyu da ta uku suna ɗaya, kamanni ɗaya, amma cikinsu Realtek ne, kuma sa su yanayin sauraro sai da wahalar neman direba na daban. Mai shago ba lallai ya san bambancin ba. A duba bayan kwalin, inda aka rubuta lambar fitowa, kafin a biya.

Ga ɗalibi mai laftof ɗaya, ni dai sandar nake zaɓa masa, kuma babban dalilina bai shafi kanel ba. Katin ciki guda ɗaya ne. Da ka ba baƙuwa, mai masauki ya rasa Wi-Fi, darasin da kake kallo ya yanke, sai dai ka jona wayarka da kebul ka ja intanet ta nan. Ga kuma batirin gwanjo da wutar da ba ta da tabbas, kowace sandarewa awa ce ta tafi. Wanda ya zo koyon yadda ake kare rautar gidansu (tasa, ko wadda aka ba shi izini, ba ta maƙwabci ba) bai kamata ya ƙarar da makonsa yana faɗa da BIOS ba.

Amma akwai wanda sanda ba za ta ishe shi ba. Mai shagon buga takardu da rajistar jarrabawa da ke son tsohuwar kwamfutar tebur guda ta zama rauta da ma'ajiyar fayiloli a lokaci ɗaya, ya ɗora Proxmox a matsayin mai masauki, ya sa OpenWrt, manhajar rauta, a matsayin baƙuwa, yana buƙatar kati mai ƙarfi, mai zangon 5GHz, mai ɗaukar wayoyi da yawa yini guda ba gajiya. Wannan aikin na katin PCIe ne, kuma injin da ake kunnawa da safe a bar shi har dare bai cika damuwa da matsalar tashi na biyu ba. Shi ne ainihin wanda layukan nan na quirks.c suka yi wa rana. Kafin ya sayi kati, umarnin lspci -nn zai nuna masa lambarsa, uname -r kuma ya gaya masa ko kanel ɗinsa ya kai fitowar da aka sa lambar a kundi.

Sababbin katunan Qualcomm masu amfani da direban ath11k, irin su QCA6390 da WCN6855, sun zo da nasu salon. Direban yana karanta adireshin da katin zai riƙa aika sanarwa gare shi, ya rubuta masa a wani wuri na daban. A cikin baƙuwa adireshin da yake gani na kwaikwayo ne, don haka sanarwar katin ba ta isa ko'ina, direba ya yi ta jira har ya haƙura. Hana riset na layi ba ya taɓa wannan ko kaɗan, kuma wanda ya sayi irin katin nan don OpenWrt a cikin baƙuwa gara ya fara gwada shi tun kafin ya jefar da rasit.