Zaɓen Launin Kayan Sallah

Da zarar azumi ya raba tsakiya, sai Hausawan Agege da Idi-Araba su yi ta tururuwa zuwa kasuwar Balogun, mutanen Sabo a Ibadan kuwa su nufi Gbagi. Mutum ya daɗe yana tara kuɗin turmi guda, amma sai bayan an ɗinka ya ga launin bai karɓe shi ba.

Sau da yawa fitilar kanti ce ke ruɗin ido. Masu wayo sukan fito da yadin waje, su kara shi da fuska a hasken rana kafin su biya.

Baƙin mutum, farar shadda da ruwan ɗorawa su ke haska shi, ruwan ƙasa mai duhu kuwa dusashe shi yake yi. Wankan tarwaɗa ya fi dacewa da kore da ruwan goro. Fari kuwa, shuɗin baba ke fito da shi, ko rinin Ƙofar Mata ko adiren Abeokuta.

Wadda ankon biki bai dace da ita ba, gyalen wani launi zai gyara. Kada dai ta ruga wajen man bilicin. Zane ana sake shi, amma fata in ta ƙone, sai haƙuri.