Tarin Fuka a Jikin Yaron da Tamowa Ta Kama

A cikin yaran da muka tallafa wa bana, akwai waɗanda suka yi makonni suna cin abincin gyaɗa na asibiti, amma awon damtsensu bai bar ja ba, wato ƙasa da santimita 11.5. A irin wannan hali, likitoci kan fara zargin tarin fuka.

Tamowa tana raunana garkuwar jiki har ƙwayar cutar ta samu wurin zama, tarin kuma ya ɗauke wa yaro sha'awar abinci, rama ta ƙaru. Gano shi kuwa sai an dage. Ƙaramin yaro ba ya iya fitar da kaki don gwaji, wani ma tarin nasa bai taka kara ya karya ba, sai zazzaɓi da kasala. Shi ya sa likita yake tambayar uwa ko akwai babban da ya daɗe yana tari a gidan, domin galibi daga nan yaro yake ɗauka.

Maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana shan sa kullum har wata 6. Abin da muka ga yana sa iyaye yanke shi ba sakaci ba ne, rashin kuɗin mota ne da na cefane, alhali yankewar na iya haifar da tarin da ba ya jin magani. Waɗannan gidaje fakirai ne, haƙƙinsu a zakka tabbatacce ne. Muna roƙon kwamitocin masallatai, idan tarin wani ya wuce mako 2, a kai shi gwaji tare da ƙananan yaran gidan.