Awa Biyu Tsakanin Barka da Ta'aziyya

Idan jini ya ɓalle wa mace bayan ta haihu, aka rasa mai tsayar da shi, cikin awa biyu tana iya cikawa, ko da lafiyarta lau ta shiga naƙuda. Wanda gidansa ke cikin garin Wudil, kusa da babban asibiti, zai ga awa biyu lokaci ne mai yawa. Amma a tambayi mutanen ƙauyukan bayan Lajawa ko Achika ko Indabo, waɗanda abin kan riska da tsakar dare cikin damina, babu mota a kusa, maigida kuma ya kwana a kara saboda cin kasuwar Juma'a. Kafin a tashi maƙwabta, a nemo wanda zai ba da izini, a samo abin hawa, awa ɗaya ta wuce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 ne suka rasu a duniya sanadiyyar ciki ko haihuwa. Kusan 75,000 daga cikinsu 'yan Najeriya ne, wato fiye da ɗaya cikin huɗu, kuma babu ƙasar da ta kamo mu. Zubar jini ce kan gaba wajen wannan kisa.

Ga yadda abin yake faruwa. A watan haihuwa, jinin da ke bi ta mahaifa a kowane minti ya haura rabin lita, domin ta nan jariri ke samun abinci da iska. Da mabiyiya ta rabu ta faɗo, gurbinta yakan zama buɗaɗɗen rauni cike da jijiyoyi. Allah cikin hikimarsa ya sa naman mahaifa yana tsukewa nan take ya matse bakin jijiyoyin. Idan mahaifar ta gaji, saboda doguwar naƙuda, ko tagwaye, ko haihuwa kusa-kusa, sai ta saki, jini ya yi ta kwarara. Wani lokaci guntun mabiyiya ne ya maƙale, wani lokaci ƙari ne mace ta samu. Wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini kuwa, kaɗan za ta zubar ta galabaita.

Likitoci sun yanke cewa rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, shi ne iyakar da idan an kai ta dole a tashi tsaye. Matsalar ita ce ido ba ya iya auna jini. Zani ya sha, katifa ta sha, wani ya bi ƙasa, mai kallo ya ce ai jinin biƙi ne. Ko ƙwararriyar ma'aikaciyar asibiti takan raina abin da ta gani, sai mai jego ta fara jiri da gumi mai sanyi sannan hankali ya tashi.

Wannan giɓi ne wani babban bincike mai suna E-MOTIVE ya tunkara, kuma abin alfahari ne cewa Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagorance shi a Najeriya. An gudanar da shi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kusan rabinsu a ƙasar nan, kan mata fiye da 200,000, aka fitar da sakamako a watan Mayun 2023. Kayan aikin ba wata na'ura ba ce mai tsada. Leda ce ake shimfiɗa wa mace da zarar jariri ya fito, ƙasanta da aljihu mai tsini da aka zana wa layukan awo. Jini na taruwa a ciki, ungozomar asibiti na dubawa duk bayan minti goma sha biyar. Da ya taɓa layin haɗari, ba a tsayawa gwada magani ɗaya a jira a gani: a murza mahaifa ta saman ciki, a yi allurar tsuke ta, a ba da maganin da ke hana gudan jini narkewa, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai yagewa, duk a lokaci guda. Inda aka bi wannan tsari, an gano zubar jini a kashi 93 cikin 100 na masu ita, inda ba a bi ba kuwa kashi 51 kawai. Mummunar zubar jini da abin da kan biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100.

Wudil ma ta taɓa ganin irin wannan sauyi da idonta. A 2008 aka fara amfani da allurar magnesium sulphate wajen maganin jijjigar masu ciki, wadda ake kira taune-taune, a manyan asibitoci goma na jihar Kano, har da na Wudil. Kafin nan, cikin mata biyar da aka kawo da wannan ciwo ɗaya takan rasu. Bayan an horar da ma'aikata an kawo maganin, adadin ya faɗo ƙasa da uku cikin ɗari. Ciwon da jiya ake ɗora wa iska, ana turare ana tofi har rai ya yi halinsa, ashe hawan jini ne da awon ciki ke iya ganowa tun ƙafa da fuska na fara kumbura.

To, ina gizo ke saƙa? Ledar awo da allura suna asibiti, matanmu kuma suna haihuwa a ɗaki. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mace ɗaya ce cikin biyar ke haihuwa a asibiti a jihar Kano. Da yawa suna zuwa awo, ranar naƙuda kuma sai a danne. Yarinya mai cikin fari takan ɓoye ciwo don kunya, a yaba mata da dauriya. Wata tana tsoron faɗan ma'aikata, kuma tsoron nata ba banza ba ne, domin mace ba ta manta wanda ya daka mata tsawa tana kan gwiwa. Wata kuma kuɗin safar hannu da magani ne babu. Ban ga laifin ungozomar gargajiya ba, ita ce ke amsa kira idan kowa ya yi barci, amma ba ta da jinin da za ta ƙara wa kowa, kuma mafi alherin abin da za ta yi shi ne ta ce a tafi tun da wuri. Jaririn ma ribarsa ce: wanda ya fito bai yi kuka ba yana da minti ɗaya ne a taimaka masa ya ja numfashi, cibiyarsa kuma maganin chlorhexidine take buƙata, ba gashi da tsumma ko man goge baki ba.

Hukuma na da nata kason. Allurar oxytocin mai tsuke mahaifa tana lalacewa idan ba ta cikin sanyi, saboda haka firij marar wuta a ɗakin haihuwa yaudara ce. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu. Alkawari ne mai kyau, sai dai ma'auninsa shi ne abin da mace za ta tarar da ƙarfe biyun dare: akwai likita, akwai wuta, akwai jini?

Maganar jini kuwa tamu ce, mu maza. Garin da ke da Jami'ar Aliko Dangote da Makarantar Horar da 'Yan Sanda, ga dubban majiya ƙarfi a kara da bakin kogi, bai kamata a ce mace ta mutu ana yawon neman jini leda biyu ba. Maigida, tun ciki na wata bakwai ka san rukunin jinin matarka, ka shirya mutum biyu da za su bayar. Ka riƙe lambar direba, ka ware kuɗin mota kafin kuɗin ragon suna. Sannan ka faɗa a gaban mahaifiyarka da duk mutanen gida cewa ko kana nan ko ba ka nan, da naƙuda ta tashi a wuce da ita asibiti, ka riga ka ba da izini.