Sana'ar da ba ta da Sauka: Aikin Masu Rubuta Manhajar Kwamfuta

Gabatarwa

A ƙasar Hausa kusan kowane irin koyo yana da ranar ƙarewa. Yaron maƙeri yana da ranar da za a sallame shi ya kafa tasa maƙera, almajiri kuma yana da ranar sauka. Amma akwai wata sana'a baƙuwa wadda mai ita ba ya gama koyonta, watau sana'ar rubuta manhajar kwamfuta. Wannan maƙala za ta bayyana yadda masu ita suke gudanar da aikinsu na yau da kullum, da dalilin da ya sa karatunsu ba ya yankewa, sa'an nan ta nuna inda al'amarin ya shafi ɗaliban Hausa.

Manhaja da masu rubuta ta

Manhaja jerin umurni ne da ake rubuta wa kwamfuta cikin wani harshe na musamman, irin su Python da Java da JavaScript. Ko da yake ba a ganin masu rubutun, aikinsu ya riga ya shiga garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe. Manomin da ya je wajen mai POS ya ciri kuɗin gerensa, manhaja ce ta yi masa lissafi. Haka kuma yaron da ya zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita ta kwamfuta baki ɗaya, manhaja ce ta karɓi amsoshinsa.

Aikin yini

Jama'a sukan zaci cewa mai wannan sana'a wuni yake yi yana zuba sabon rubutu. Gaskiyar magana ita ce karatu ya fi rubutu yawa a cikin aikinsa, domin galibi yakan gaji manhajar da wasu suka fara, kuma tilas ya fahimci abin da suka nufa kafin ya taɓa ko da layi ɗaya. A wurare da yawa akan buɗe yini da gajeren taro, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da abin da zai yi yau, da abin da ya tsaya masa. Daga nan sai kowa ya kama nasa ɓangare. In ya gama, ba a haɗa aikinsa da na saura sai wani abokin aiki ya duba shi, an kuma gwada shi. Akwai wata manhaja mai suna Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, da ke ajiye tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi, don a iya komawa baya in an yi ɓarna.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne farautar kuskure. Misali, a ce mutum yana biyan kuɗi sai sadarwa ta yanke a tsakiya, aka zare kuɗin daga asusunsa amma ba su isa ga mai kaya ba. Aikin mai manhaja ne ya hango irin wannan tun bai auku ba, ya tsara yadda kuɗin za su koma ga mai su. In kuwa ya riga ya auku, sai ya bi sawu mataki mataki har ya gano inda igiya ta tsinke, wani lokaci ya kwana biyu a kan kuskuren da bai wuce alama ɗaya ba.

Dalilin rashin sauka

Guduma da uwar maƙera da mutum ya gada wajen kakansa suna iya yi masa aiki har tsufa. Kayan aikin mai manhaja kuwa sukan mutu yana raye. A watan Janairu na 2020 aka daina kula da Python na biyu, ya zama dole a sake fasalin ɗimbin manhajoji su dace da na uku. A ƙarshen wannan shekara kuma kamfanin Adobe ya rufe Flash, wanda mutane da yawa suka daɗe suna cin abinci da shi. Kafin nan, a 2019, Google ya fifita harshen Kotlin a kan Java wajen rubuta manhajojin wayar Android. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamba 2022, na'ura da kanta tana iya tsara umurni, sai aikin ya ƙara karkata ga tantance abin da ta rubuta.

Saboda haka, digirin da ɗalibi zai samu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato harsashi ne kawai. Ginin da za a ɗora a kai yana zuwa ne ta karanta littattafan bayani na kowane kayan aiki, waɗanda akasarinsu da Turanci suke, da nazarin rubutun ƙwararru wanda aka bari a buɗe ga kowa, da gwaji bayan tashi daga aiki. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan uku a irin waɗannan fannoni.

Mai koyo a kudancin Sakkwato yana da ƙarin nauyi, domin sana'ar ta dogara ga wutar lantarki da intanet. A Satumba 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, kuma duk wanda abincinsa ko karatunsa ke bisa intanet a wuraren nan ya ji a jika.

Rabon ɗalibin Hausa

Tsarin ASCII da kwamfutocin farko suka yi amfani da shi alamomi 128 ne kurum, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya ba haruffa masu lanƙwasa mazauni tabbatacce. Duk da haka sauran aiki, domin manhajar da marubucinta bai san Hausa ba tana iya ɗaukar ƙafa da kafa, ko ɓari da bari, a matsayin kalma guda, ko ta kasa sanin inda za ta sa Ɗahiru cikin jerin sunaye. Google ya shigar da Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, amma har yanzu karin magana da kalmomi masu harshen damo sukan kayar da ita. Ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP suna tattara rubutu suna tantance shi don koyar da na'ura, kuma wannan aiki yana bukatar wanda ya san nahawu da ƙa'idojin rubutu da bambancin Sakkwatanci da Kananci.

Kammalawa

An ga cewa mai rubuta manhaja ya fi ɓata lokaci wajen karatu da gyara, kuma kayan aikinsa suna sauyawa cikin 'yan shekaru kaɗan. Cikin abubuwan da zai ci gaba da koyo har da harshen mutanen da yake yi wa aiki. Wannan sani kuwa yana Sashen Hausa. In ɗaliban sashen ba su kai shi inda ake rubuta manhaja ba, waɗanda ba su san harshen ba ne za su yanke yadda Hausa za ta bayyana a waya da kwamfuta.