Haɗa Ƙarfin Ruwa Da Hasken Rana: Mafita Ga Masu Sana'a A Jama'are Da Azare

Masu injin niƙa da masu casar shinkafa a Jama'are da Azare ba za su manta da watan Oktoba na 2024 ba. A lokacin ne, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Makurɗi shi ma ya katse, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Masu walda da masu ƙanƙara suka koma ga janareta, kuɗin mai ya cinye riba. Abin da wannan ya nuna shi ne, wutar da ake sha a yankin daga nesa take zuwa, alhali ga kogi ga rana a ƙofar gida.

Sai dai kowannensu yana da nakasu. Kogin Jama'are yakan cika ya batse da damina, ya janye da rani. Rana kuwa ba ta aiki da dare, kuma hadari da hazo kan rage mata ƙarfi. Idan aka haɗa su, ɗaya kan rufa wa ɗaya asiri: da rana a yi amfani da faifan hasken rana a tsimi ruwan madatsa, da magariba a buɗe ruwan ya juya injina. Wato madatsar ta zama rumbun ajiyar wuta, ba sai an sayo batura masu tsada ba.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A ƙasar Gana, madatsar Bui mai ƙarfin megawat 400 ta samu ƙarin megawat 50 na hasken rana, har an shimfiɗa wasu faifan a bisa ruwa, abin da kan rage yawan ruwan da zafi ke ƙafarwa. A nan gida, a 2024 hukumar zuba jari ta NSIA da kamfanin North South Power suka ƙulla yarjejeniyar kafa tashar rana ta megawat 20 a gefen madatsar Shiroro mai megawat 600.

A Jihar Bauci kuwa, duka ɓangarorin biyu sun daɗe a kan takarda. Madatsar Kafin Zaki, wadda aka tsara ginawa a kan kogin Jama'are domin noman rani da samar da kimanin megawat 15, an soke kwangilarta a 1984, aka maido da ita a 1992, aka sake sokewa a 1994. Jihohin Yobe da Borno sun nuna adawa da ita, domin manoma da masunta da makiyayan fadamun Haɗeja zuwa Nguru da ambaliyar kogin suke rayuwa, kuma sun ga yadda ruwa ya ragu bayan gina Tiga a 1974 da Calawa a 1992. Haka nan tashar rana ta megawat 100 da aka tsara a Ganjuwa, ɗaya daga cikin 14 da aka sa wa hannu a 2016, ta maƙale a kan saɓanin farashi da lamunin biyan kuɗi.

Abin lura ga 'yan kasuwa shi ne, ba dole ne rana ta jira Kafin Zaki ba. Madatsar Dadin Kowa ta Jihar Gombe, mai megawat 40, tana yankin kamfanin rarraba wuta na Jos, wanda Bauci ke cikinsa. Bugu da ƙari, Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Abin da ya rage shi ne mai zuba jari ya samu tabbacin wanda zai sayi wutar ya biya. Ƙungiyoyin masu casa da masu niƙa, waɗanda aikinsu da rana ne, su ne suka fi cancanta su fara ba da wannan tabbaci.